Shekara shida ina kaɗa jita, bangon shagona kaɗai ke saurare

Tela Mai Jita, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa, yau dai na ce bari in amayar. Shekarata shida ina kaɗa jita. Da rana ina kan keken ɗinki, in na rufe shago bayan isha'i sai in ɗauko ta. Waƙoƙin kaina sun kai 11, ban kwaikwayi kowa ba. Ba ni da kamfani, ba ni da furodusa, ba ni da ubangida. Bara na tara sefa 40,000 na shiga situdiyo na yi guda biyu, na ɗora a YouTube. Yau wata takwas, ɗaya an kalle ta sau 212, ɗayar sau 90, kuma na san kusan 30 a ciki ni ne da ƙanwata. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar nan, ta ina mutum irina yake samo masu saurare?

Ɗalibin Dang, Gawundare:
Wa alaikumus salam yaya. Na je na duba su yanzu. Gaskiya kiɗan ya yi, amma abin da ka ɗora hoto ne guda ɗaya na jita jingine da bango, waƙa na tafiya minti shida. Wa zai ƙona megansa a kan hoton bango? Mutane hannu suke son gani. Ka tsayar da waya a tsaye, ka jingine ta da gwangwanin madara, ka zauna inda haske ke dukan fuskarka, ka kaɗa inda ya fi daɗi a waƙar, kada ya wuce minti ɗaya. Ka zuba a TikTok da Facebook da sitatus na WhatsApp, sau uku a mako, ba fashi. Cikakkiyar waƙar kuma ka sa ta a Audiomack, ba a biyan ko sisi wajen ɗorawa. Kuma ka bar wannan gabatarwar ta daƙiƙa 40 da kake yi kafin murya ta shigo, kafin ka buɗe baki mai kallo ya riga ya wuce.

Kawu Mai Sono, Garwa:
Ɗana tela, kafin a tafi can nesa, amsa mini wannan. Sau nawa ka taɓa kaɗawa a gaban mutum 50 waɗanda ba abokanka ba?

Tela Mai Jita, Garwa:
Kawu, in faɗa muku gaskiya, ban taɓa ba. Sai dai samarin da ke zuwa hira shago.

Kawu Mai Sono, Garwa:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Kai ba masu saurare ka rasa ba, ba ka je inda suke ba ne.

Na fi shekara 25 ina kai kayan sauti gidan biki, daga Garwa zuwa Fitowa, Gashiga, har Gidar na je. Kafin nan ni ma na riƙe jita a wata ƙungiya, zamanin da in ka ce Ali Baba duk garin nan an san mawaƙin da kake nufi. Abin da idona ya gani shi ne, mutanenmu ba tsirkiya suke saurare ba, magana suke saurare. Ka yi gudun yatsu na duniya, tsohuwa za ta dube ka ta ce yaron nan yana da ƙoƙari, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Amma ka ambaci sunan jikarta amarya a kan wannan kiɗan, ka ce 'yar gidan wane, sai ka ga ta miƙe tana kwance bakin zane. Dubi Ɗan Maraya Jos, kuntigi ne fa, tsirkiya ɗaya tak, amma ya zagaya duniya da shi. Kai kana da shida kana kuka.

Abin yi shi ne ka nemi mai kalangu ko mai ganga da ya riga ya san hanyar gidajen biki, ka bi shi. Kar ka tambayi kuɗi a zuwan farko da na biyu. Ka roƙi waƙa biyu kacal a tsakiyar fili, lokacin da mata suka gama cin abinci, ba farkon zama ba da kujeru ke wayam. Kuma ka san lokaci. Azumi ba biki, bayan Sallah kuwa har rasa ranar hutu muke yi. In an biya manoma kuɗin auduga ƙauyuka sun cika da aure. Mai son a san shi ba ya kwana a shago a irin waɗannan watannin.

Tela Mai Jita, Garwa:
Kawu na ji, kuma na gode. Sai dai abin da kuke faɗa ai roƙo ne. Babanmu da ƙyar ya kau da kai a kan jitar ma, don ya ga ban bar ɗinki ba. Ranar da aka ce masa an gan ni a fili ina wasa wata Hajiya ana manna mini kuɗi a goshi, wallahi sai dai in nemi wani gidan. Kuma waƙoƙina ba na yabo ba ne, akwai ta kogin Binuwai, akwai ta ɗan moto da ruwa ya tare a hanya.

Mai Lalle, Marwa:
Ƙanena, bari in shigo nan don wannan fagena ne. Ni nake yi wa amare lalle da kwalliya, kusan kowane mako ina cikin ɗakin amarya. Kana ganin ango ne ke zaɓen wanda zai yi wasa? Ina! Ƙawayen amarya ne da gwaggonninta, a kan tabarma ake yanke maganar, lalle na bushewa a ƙafa, waya na yawo hannu zuwa hannu. Wata ta ce kun ga wannan yaron, a kalla, a ce a kira shi. Shi ke nan fa.

Kuma ba wanda ya ce sai ka jero kakannin mutum. Yanzu 'yan mata abin da suke so waƙa mai sanyi da sunan amarya da ango a ciki, wadda za su ɗora a kan hotunan biki su sa a sitatus. Ka lissafa mana: ƙawaye 20, kowacce lambobi ɗari biyu ko uku a wayarta. A yini ɗaya ka wuce wannan 212 ɗin naka da ka yi wata takwas kana gadi. Wannan roƙo ne? Ai kamar ɗinki ne, an kawo yadi an ce ga awo.

Sai dai in gaya maka, waƙar ɗan moto ba za ta shiga ɗakin amarya ba. Ka ajiye ta wa 'yan moto.

Ɗan Kusuri Mai Tura Waƙa:
Hahaha Anti ta gama magana. Amma batun 'yan moto ba wasa ba ne. Ni sana'ata ke nan, ina da ɗan tebur da kwamfuta kusa da tasha, ina zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori. Direbobi, 'yan moto, masu shayi, makiyaya da suka shigo kasuwa. Yawancinsu ba ruwansu da YouTube, mutum zai miƙo memori ya ce cika mini da masu daɗi. Ni nake zaɓa. To wane mawaƙi ne ya taɓa zuwa ya gaishe ni ya ba ni waƙarsa? Ƙalilan.

Ga abin da ke ba ni haushi da masu turo waƙa: sai ka ga sunan fayil ɗin wasu lambobi ne barkatai irin na WhatsApp. In ta shiga waya ta goma ba wanda ya san mai ita. Ka rubuta sunanka da sunan waƙar a jikin fayil ɗin, ka sa hotonka, sannan a cikin waƙar kanta ka faɗi sunanka da garinku da bakinka, ko a farko ko a ƙarshe. Fayil ana sake masa suna, murya ba a gogewa. Kuma kar ta yi nauyi, mai ƙaramar waya ba zai karɓi abin da zai cinye masa wuri ba.

Ka zagaya masu irin sana'ata na Garwa, ka ba su kyauta, ka haɗa da kuɗin shayi. Motar da ta tashi daga Garwa zuwa Marwa awa nawa take yi? Duk fasinja dole ya ji abin da direba ya kunna.

Bahago, Njamena:
Abin da Ɗan Kusuri ya faɗa shi ne ainihin tarihin Mdou Moctar na Nijar, ɗan uwana a bahagwanci. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa, da wayar birkin keke. A Sakkwato ya yi rikodin ɗinsa na farko a 2008, da salon situdiyon Hausa na lokacin. Ba kamfanin da ya rarraba masa, waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta bulutut da memori har suka kai Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su a wayoyin mutane, ya shiga neman mai su. Yau ga shi yana cika dandali a Amurka da Turai, har kamfanin Matador ya ɗauke shi.

Amma a lura da abu biyu, don samari suna son rabin labarin ne kawai. Na ɗaya, kafin wani Bature ya san da shi ya sha kaɗawa a bukukuwan aure a ƙasarsu, hannunsa a fili ya nuna. Haka Etran de l'Aïr na Agadas, 'yan gida ɗaya ne, bikin aure ne abincinsu shekara da shekaru kafin a fitar da su waje. Na biyu, abin da ya ja kunnen baƙo shi ne kiɗan bai yi kama da na kowa ba, na Buzaye ne. Ni na ɓata shekara huɗu ina kwaikwayon 'yan Kongo, sai da na gane in ana son kiɗan Kinshasa ba Njamena za a zo nema ba. Tela, na saurari ta Binuwai ɗin nan. Wurin minti na uku akwai inda ka sa jitar ta yi kukan garaya. Wannan ɗan wurin shi ne dukiyarka, sauran duk na taɓa jin irinsa.

Tela Mai Jita, Garwa:
Ikon Allah. Yaya Bahago, wurin nan har na so in cire shi, mai situdiyo ya ce ya yi ƙauyanci. Kakana na wajen uwa garaya yake kaɗawa, daga kunnena ya fito ban ma shirya ba.

Bahago, Njamena:
Mai situdiyon ne ɗan ƙauye. Yawancinsu fiyano kawai suka sani, su danna ganga ta inji, su shafe murya da na'ura, jita kuma su tura ta can baya kamar baƙuwar da ba a gayyata ba. In za ka koma, ka tsaya a kansa har sai tsirkiya ta fito gaba. In ya ƙi, waya mai kyau a ɗaki mai labule da katifa, da dare bayan an kashe janareta, ta fi maka.

Ɗalibin Dang, Gawundare:
Ƙarin bayani kan maganar waya: shi wannan Sahel Sounds ɗin a 2020 ya yi wani tsari, kowane wata mawaƙi ɗaya ya ɗauki kiɗansa da wayar hannu, ya aika ta WhatsApp, a sa a shafin Bandcamp a sayar. Ba situdiyo ko ɗaya. Don haka ni har yanzu ina kan bakana, intanet ce ƙofar. Kawu yana maganar bikin ƙauye, to biki nawa za ka yi kafin wani a Yawunde ya san sunanka?

Kawu Mai Sono, Garwa:
Ɗan makaranta, ban ce a jefar da waya a rijiya ba. Amma me za ka ɗauka da wayar? Yaro shi kaɗai a ɗaki yana kallon ƙasa, ko fili cike da mata suna guɗa? Wanne za ka tsaya ka kalla? Kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba, ranar da aka kira shi Yawunden gwiwarsa ce za ta fara kaɗawa kafin jitar. Na ga wanda ya yi suna a waya, aka ba shi makirufo a nan garin, waƙa ɗaya ya kasa kaiwa ƙarshe ba tare da inji na rera masa ba.

Abu Ammar:
Ni dai nasiha zan yi. Ɗan uwa kana da sana'a mai albarka a hannunka, ka riƙe ta. Wannan hanyar ƙarshenta mashaya ce da cakuɗuwa da mata. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Mai Zaure:
Amin Malam, an gode da nasiha. Sai dai wannan zauren na masu kiɗa ne, kuma mun sha yin waccan muhawarar. A bar ta a nan don Allah, a ci gaba da amsa tambayar da aka yi.

Bahago, Njamena:
Ba zan ja da Malam ba, amma batun mashaya gaskiya ne a faɗe shi, don duk mai jita a yankin nan zai ci karo da shi. A Njamena wuraren da ake kiɗa kai tsaye duk mako yawanci can unguwannin Mursal da Kabalai suke, kamar yadda na ji ana cewa Yelwa a Garwa ko Domayo a Marwa. Na yi wata bakwai ina kaɗawa a wani wuri duk daren Asabar. Hannuna ya faɗa sosai, ban musa ba, don awa huɗu kake yi ba zama. Amma masu sauraro ban samu ba. Sun zo sha ne, kai kamar fanka kake a wurin, ana jin daɗinka ba a kallonka. Mai wurin kuma kullum labari ɗaya, yau ba ciniki, ka zo jibi. Na bar masa bashin dare tara na kama gabana.

Inda na samu mutanen da suka riƙe sunana shi ne ranar kiɗa ta 21 ga Yuni. Kowace shekara ana yi, cibiyar Faransa ta nan Njamena tana shirya wasa, ku ma kuna da irinta, Alliyans, a Garwa. Ka je tun da wuri, wata guda ko fiye kafin ranar, ka tambayi mai kula da shirye-shirye, ka nuna masa bidiyonka a waya. Wanda ya zo irin wannan wurin don kiɗa ya zo, kuma 'yan jarida da masu shirya taro a nan suke yawo. Sannan akwai gasar da RFI ke yi duk shekara ta sababbin mawaƙa, wadda 'yar ƙasarmu Mounira Mitchala ta ci a 2007. Ba na ce ka ci ba, amma cika takardun kaɗai zai tilasta maka haɗa abin da ya kamata a ce kana da shi: hoto mai kyau, tarihinka a taƙaice da Faransanci, waƙoƙi masu tsabtar sauti.

Kai kuma ɗalibi, da kake cewa intanet ce ƙofa, mu nan an taɓa rufe mana ƙofar. Daga Maris 2018 har Yuli 2019 ba Facebook ba WhatsApp sai ta ɓarauniyar hanya, wata 16. Wanda duk jama'arsa a can suke ya zama maraya. Tun lokacin nake da littafi, duk wanda ya ce kiɗana ya burge shi sai na rubuta lambarsa da biro.

Tsohon Ɗan Rediyo, Marwa:
Ban so in sa baki ba, amma na ga ba wanda ya ambaci rediyo, kamar mun mutu. A ƙauyukanmu har gobe rediyo ake ratayawa a ƙahon keke. Akwai tashoshin CRTV na jiha a Garwa da Marwa da Gawundare, akwai ƙananan tashoshin al'umma, kuma suna da shirye-shiryen harsunan gida. Na shekara 14 ina gabatar da shirin gaishe-gaishe a wata tasha. Kullum cikin neman abin cike lokaci muke.

Kuskuren yara shi ne su aiko waƙa ta waya su koma su kwanta. Ka zo da ƙafarka, da jitar a kafaɗa, ka ce za ka kaɗa kai tsaye a shiri. Mai gabatarwa zai so haka, don ya huta da surutu minti goma. Ka yi masa ɗan kiɗan buɗe shiri na daƙiƙa 20 da sunan shirin a ciki, ka ba shi kyauta. Kullum ya buɗe shiri jitarka ce, kuma duk ranar da aka tambaya zai faɗi sunanka. Wasu za su nemi na goro, ba zan ɓoye ba. Na kati ko na mai ba laifi, amma wanda ya yanka maka farashi kan kowace sakawa ka bar shi, ranar da kuɗinka ya ƙare waƙarka ta ƙare.

Sai batun harshe. Ɗana, a Garwa kake. Kasuwa da Fillanci ake ci. In duk waƙoƙinka Hausa ce zalla, kana takara ne da Kano, su kuwa suna fitar da waƙa kamar ƙosai. Dubi mawaƙi Isnebo da ƙungiyarsa Faadah Kawtal, da Fillanci suka kai har kudu. Ka sa amshi da Fillanci, baiti da Hausa, ka ga yadda gida biyu za su buɗe maka.

Ɗan Briketeri, Yawunde:
Baba ya yi gaskiya, amma kar a rena Hausar ma. Mu da ke kudu, nan unguwar Briketeri da 'yan uwanmu na New Bell a Duwala, yunwar abin gida muke yi. In na ji an ambaci gadar Binuwai a waƙa sai in ji kamar in hau jirgin ƙasa in kwana a hanya in sauka Gawundare. Tela turo mini ta kogin nan, akwai zauren 'yan Garwa mazauna nan da muke ciki, kuma masu suya suna kunna waƙa har tsakar dare.

Mai Bas, Gawundare:
Duk na karanta, kowa na cewa ba da kyauta, ba da kyauta. Mai tura waƙa kyauta, rediyo kyauta, biki na farko kyauta. To yaushe za a ci abinci? Ɗan Kusuri, kai da kake cika memori ai ba kyauta kake cikawa ba, ko? Kana karɓar kuɗi a kan gumin wani.

Ni an taɓa yi mini. Wani salo na jitar bas da na ƙirƙira, na tura wa wani mai situdiyo don ya ji, bayan wata uku na ji shi a waƙar wani yaro ana rawa da shi a biki. Na je na yi magana aka ce ina shaidata. Don haka tela, kafin ka watsa komai ka yi rajistar waƙoƙinka. Akwai hukumomin kare haƙƙin mallaka, a Kamaru SONACAM ta masu kiɗa, a Cadi BUTDRA. Ko ba komai ka ajiye rikodin na farko da kwanan watansa, ka tura wa kanka ta imel.

Ɗan Kusuri Mai Tura Waƙa:
Yaya Mai Bas, kuɗin da nake karɓa na wuta ne da kwamfuta da zaman rana. Wanda ba a sani ba in na ce sai an biya kafin in sa waƙarsa, wa zai biya? Ni talla nake masa. In ya yi suna ai ba ni za a kira biki ba, shi za a kira.

Mai Bas, Gawundare:
Haka kowa ke cewa, talla. Talla ba ta sayen tsirkiya.

Ɗalibin Dang, Gawundare:
A nan dai ina bayan Ɗan Kusuri, don kuɗin intanet ɗin ma da ake hange ba kusa yake ba. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba. Spotify ya shigo Kamaru da Cadi tun 2021, amma ba kai tsaye ake ɗorawa ba, sai ta hannun dillali irin DistroKid da ake biya duk shekara, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta kawo ko tamma. Ga wahalar yadda kuɗin zai iso hannunka a nan. Abin da ya fi sauƙi, ka rubuta lambar Orange Money ko MoMo ɗinka a ƙasan kowane bidiyo. Wanda abin ya taɓa zai turo 500 ko 1,000.

Tun da ana tonon asiri, ni ma bari in tona nawa. Na taɓa biyan wani sefa 10,000 ya ƙara wa shafin abokina mabiya. Kwana biyu suka haura dubu uku, muka yi ta murna. Da muka duba sunayen, duk wasu ƙasashe ne da ba mu san inda suke ba, ba mai cewa uffan. Daga nan ma bidiyon ya daina isa ga mutanen gaske. Kar wanda ya gwada.

Mai Lalle, Marwa:
Ku maza kun iya dogon lissafi. Tela, akwai 'yar yayata da za a yi wunin bikinta a Garwa Asabar ta sama, a Rumde Ajiya, bayan filin ƙwallo. Na yi wa uwarta magana, ta ce ka zo ka yi biyu bayan la'asar, mata ne zalla sai masu kiɗa. Zan turo maka sunan amarya ta akwatinka. In ka ga dama.

Kawu Mai Sono, Garwa:
Hajiya, in gidan da nake zato ne, ai ni ke kai musu kaya. Ɗana ka zo da wuri mu gwada sauti. Kada ka bar jitar a rana, zafin garin nan na wannan watan yana lanƙwasa wuyanta, kuma ka sake ɗaure ta daf da shiga fili. Ka taho da tsirkiya ta ajiya.

Tela Mai Jita, Garwa:
Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto. Na je. Babanmu na ce masa zan taya Kawu ɗaukar kaya, wanda ba ƙarya ba ne, ni na ɗauki lasifika ɗaya.

Ta farko ban san me na kaɗa ba, hannuna jiƙe da gumi, idona a kan takalmina. Yara ne kawai suka kewaye ni, ɗaya har yana taɓa igiyar. Kawu ya zo ta baya ya ce ɗaga kai. Ta biyu ita ce wadda na sa sunan amarya, na yi amshin da Fillanci kamar yadda Baba na Marwa ya ce, na kuma shigar da kukan garayar nan. Mai kalangu ya ɗauka ba tare da mun taɓa gwadawa ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daidai kunnena har na kusa sakin jitar. Ana tsaka da haka tsirkiyar ƙasa, siririyar, ta tsinke ta tsaga mini yatsa. Na ƙarasa da biyar.

An manna mini 6,500, na ba mai kalangu 2,000. Mata biyu sun karɓi lambata, ɗaya ta ce bikin ƙanwarta bayan Sallah. Ƙanwata ta ɗauki bidiyo amma rabinsa ɗankwalin wata ne ya tare. Duk da haka na ga shi a sitatus ɗin mutum bakwai da ban san su ba, sai dai ba sunana a jiki, Ɗan Kusuri ka yi haƙuri, na manta ban faɗa ba.

Matsalar yanzu, wata maƙwabciyarmu tana wurin, kuma jiya na ga ta shiga wajen innarmu ta daɗe.

Ɗan Kusuri Mai Tura Waƙa:
Kai! Abu ɗaya na ce ka yi. Turo bidiyon in rubuta sunan a kai kafin ya ƙara nisa.

Mai Bas, Gawundare:
6,500 ban da 2,000, ban da tsirkiya, ban da kuɗin moto. A dai riƙa lissafi.

Tela Mai Jita, Garwa:
Na turo maka, Ɗan Kusuri. Tsirkiyar ajiyar da na saya ashe ta jitar roba ce, ba ta hau ba. Akwai mai zuwa daga Duwala ko Yola cikin makon nan ya taho mini da saiti ɗaya na ƙarfe? Zan tura kuɗin ta Orange. Kawu kuma igiyarku tana wajena, na same ta a cikin jakata, zan kawo shago gobe bayan azahar.